Ranar da Malama Tamanin Ta Buga Layi Ɗaya

Idan Malama Tamanin tana bugu a kwamfuta, hannunta na hagu yakan ɗaga kaɗan a ƙarshen kowane layi. Ba wata ɗagawa mai yawa ba ce, ba ta fi faɗin yatsu uku ba. Sai hannun ya ɗan tsaya a iska kamar mai laluben wani abu, ya rasa, ya koma mazauninsa. A daidai lokacin ne ƙaramin yatsanta na dama yake sauka a kan babban madannin nan na gefe da ake kira Enta. Duka abin bai kai ƙiftawar ido ba. Masu tsayawa a bayanta saurin yatsun ne yake ɗauke musu hankali, babu wanda ya taɓa tambayar abin da hannun hagun yake nema.

Mariƙin tafireta yake nema. A tafireta irin ta da, idan layi ya kusa cika ƙararrawa takan buga, sai hannun hagu ya tura mariƙi, takarda ta ɗaga, a fara sabon layi. Sama da shekara talatin Malama tana yin haka. Da ta zauna gaban kwamfuta aka nuna mata madannin da yake sauko da rubutu ƙasa, sai yatsan dama ya karɓi aikin. Hannun hagun dai bai taɓa yarda an sallame shi ba.

Sunan Tamanin tun tana budurwa ta same shi. 'Yar tela ce, ta uku a cikin 'ya'ya bakwai, kuma mahaifinta ne ya kai ta makarantar koyon bugu da ke saman wani shagon fenti, don ya lura yatsunta ba sa zama wuri ɗaya. Malamin wurin tsoho ne mai rula. Yakan lulluɓe hannuwan ɗalibai da ƙyalle, wanda ya leƙa ya sha rula a bayan hannu. Ranar jarrabawar fita ta buga kalma tamanin a minti ɗaya, ba kuskure ko ɗaya. Tsohon ya duba agogonsa, ya girgiza shi, ya kara a kunne, ya ce a sake. Aka sake, ta kuma buga tamanin. Daga nan sunan ya bi ta ofishin da ta yi shekara tara tana buga wasiƙu, ya bi ta kwalejin horar da malamai, ya bi ta har makarantar koyon sana'a inda ta yi shekara ashirin da uku tana koyar da aikin sakatare. Maigidanta ma, wanda ya yi ritaya daga tuƙin bas, da sunan yake kiranta idan yana jin tsokana.

Ɗakin darasinta shi ne na ƙarshe a baranda, kusa da tankin ruwa. Tafireta ashirin da huɗu ne a ciki, goma sha bakwai masu aiki, sauran ana ciro kayan jikinsu ana yi wa 'yan'uwansu gyara. Gilashin taga biyu sun fashe an toshe da kwali. Kowace Alhamis da safe ɗalibai sukan shimfiɗa hannuwa a kan tebur, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana duba farce, domin dogon farce zamewa yake yi tsakanin madannai. Ita kanta kowace Laraba da yamma take yanke nata, don kada ta hana abin da ake gani a hannunta. Amma babbar dokarta ta ido ce. Takardar da ake kwafa a hannun dama take jingine, kuma a nan ido zai zauna daga farko har ƙarshe.

"Ido a kan abin da ake kwafa," takan ce, tana buga rula a tebur don yatsu su bi sautin. "Ba a kan yatsa ba, ba a kan inji ba. Inji ya san aikinsa. Mai kallon inji, aikin yini ɗaya kwana uku zai ci masa."

Ɗalibai sun haddace wannan magana har suna kwaikwayonta a bayan tanki. Ta sani, ba ta damu ba. Ta san a ofisoshin garin da wuya ka shiga biyu ba ka tarar da wanda ya sha wannan faɗan ba.

Kwamfutoci sun iso makarantar shekara takwas da suka wuce. Guda ashirin ne a cikin kwalaye. Aka yi taro, aka ɗauki hotuna, har aka sa Malama ta zauna gaban ɗaya ta ɗora yatsu don hoton ya yi kyau. Ba a kunne take ba. Washegari aka sa wa ɗakin ƙofar ƙarfe. Wutar makarantar ba ta iya ɗaukar su, janareta kuma sai in baƙi za su zo ake tada shi. Intanet yana ofishin shugaban sashe, bai taɓa leƙowa baranda ba. Amma a shekarar manhajar karatu ta canza, aka ƙara darasin sarrafa rubutu a kwamfuta, aka ɗora mata, wai ai duk bugu ne. Sai ta sayi littafi, ta zana fuskar kwamfuta a allon aji da alli, ta zana 'yan akwatunan da ake dannawa, tana nunawa da rula. Shekara takwas tana koya wa yara yadda ake adana rubutu a na'urar da ita kanta ba ta taɓa adana komai a cikinta ba. Ta karanta darasi da yamma, ta maimaita shi da safe, tana fatan kada wani ya yi tambayar da ba ta cikin littafin.

Sau uku ta rubuta takardar neman a tura ta bita. Kofen kabon ɗin duk suna cikin fayil ɗinta, kowanne da kwanan watansa. Bitar a otal ake yinta, da masauki da abinci sau uku, don haka tana da masoya. Karo na farko shugaban sashe na lokacin ya tafi da kansa. Karo na biyu sunan malamin wasanni ya fito. Karo na uku aka tura wani matashin malami, ya dawo da jaka mai tambari da takardar shaida, bayan shekara biyu ya zama shugaban sashe.

Wannan matashi ɗalibinta ne. Ɗan Leƙe take ce masa a aji, domin ko ƙyalle biyu aka rufa masa sai ya san yadda ya karkata kai ya hango yatsunsa. Yanzu Shugaba take ce masa kamar kowa. Shi kuma Malama yake ce mata a gaban mutane, Mama idan su biyu ne.

Wata Litinin takarda ta zo daga hedikwata. Malam Fayil, mai koyar da adana takardu, wanda teburinsa yake kusa da nata a ɗakin malamai, shi ya karanta ta da ƙarfi.

"Sun ce duk malamin aikin sakatare zai zauna jarrabawa ta intanet. Wanda ya faɗi za a cire shi daga aji, a ba shi wani aiki da ya dace da shi." Ya sauke takardar. "Kin ji, Malama? Da ya dace da shi. Ni dai na san sharar baranda ce ta dace da ni."

"Me za su tambaya?"

"Kashi biyu ne, kuma dole a ci duka. Tambayoyi talatin a kan intanet da imel, sai bugu na minti goma. Kalma ashirin a minti ake nema." Ya dube ta ta saman tabarau. "Ashirin. Ke ko da ƙafa kika buga kin wuce."

Ta yi murmushin yaƙe. Shekara uku suka rage mata ta yi ritaya, kuma ta daɗe da tsara yadda za ta fita: daga ajinta, a tsaye, bayan ta sallami ɗaliban ƙarshe. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa za a iya fitar da ita daga ɗakin tun lokaci bai yi ba.

Kashin tambayoyin ne ya hana ta sukuni. Sai ta fara zuwa wani shagon kwamfuta da ke bayan tashar bas, tsakanin mai gyaran takalmi da kantin magani. Kwamfuta uku ne a ciki, da injin fotokwafi, da fanka mai karyayyen wuya. Mai shagon mace ce, sa'ar babbar 'yar Malama, mai taunar cingam da saurin magana. Kullum daga ƙarfe huɗu zuwa biyar da rabi Malama tana can, har mako biyar, da littafinta na gajeren rubutu a cinya. Mai shagon ta buɗe mata imel. Ta nuna mata yadda ake liƙa takarda a jikin saƙo, da yadda ake neman abu, da yadda ake gane shafin 'yan damfara. Malama ta rubuta komai mataki-mataki, har da kalmar sirrinta, da ƙugiyoyi da ɗige-ɗigen gajeren rubutu. Ta ce duk ɓarawon da ya iya karanta wannan, ya cancanci abin da ya samu.

Maus ne ya fi ba ta wahala, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur. Matse shi take yi har jijiyar hannunta ta fito.

"Mama, ba kwaɗo ba ne, ba zai yi tsalle ba," in ji mai shagon. "Sassauta masa."

Amma ranar da aka buɗe mata farin shafi aka ce ta buga wani abu, shagon ya yi tsit. Mai gyaran takalmi ya leƙo da guduma a hannu. Mai shagon ta daina tauna.

"Mama, ai injin ne yake bin ki a baya yana haki." Ta matso ta dubi allon kwamfutar. "Sai dai ba sai kin riƙa danna Enta a kowane layi ba. Idan layi ya cika, da kansa yake sauka."

"'Yata, ni zan gaya wa layi inda zai tsaya. Ba shi zai gaya min ba."

Mai shagon ta yi dariya. A shafin da suke bugawa babu abin da hakan ya ɓata, layi ne yake sauka, shi ke nan. Wani ya shigo da takardun fotokwafi, maganar ta wuce.

Saura kwana biyu jarrabawa Shugaba ya aika a kira ta. Ofishinsa yana da labule da ƙaramin firij, a saman kabad kuma ga akwatin intanet yana ƙifta korayen fitilu. Ya miƙe ya ja mata kujera, ya tura ƙofa.

"Mama, ba na son ki sha wahala a kan wannan abu. Mai kula da jarrabawar mutumina ne, tare muka yi bita. Lambar shiga ake dubawa, ba fuska ba. Sakatariyata za ta shiga da lambarki a nan ofis, ke ki zauna a can ki taɓa abin da kika ga dama. Mutum huɗu sun riga sun yarda."

Malama ta dubi ƙofar da sakatariyar take zaune a bayanta. Ita ma ɗalibarta ce, da ƙyar ta fita da talatin da biyar.

"Ita za ta buga min?"

"Don dai a huta, Mama."

"Shugaba," ta ce, kuma ya san idan ta kira shi haka alhali su biyu ne, ba alheri. "Shekara ashirin da uku ina kama masu leƙen takardar wani. Kai ma na kama ka. Yanzu sai in ɗauki lambata in ba yarinyar da na nuna wa inda ake ajiye babban yatsa? Bar ni da yatsuna."

"To, Mama. Ni dai na faɗa."

Ranar jarrabawa aka tada janareta tun ƙarfe takwas. Aka buɗe ƙofar ƙarfe, ɗakin yana warin roba da daɗewa a rufe. Cikin kwamfuta ashirin, goma sha uku ne suka tashi, sun dai ishi malamai tara. Mai kula da jarrabawar, wani mutum mai taye da waya biyu, ya ce umarni yana kan allo, kuma tunda duk malamai ne ba sai an karanta wa kowa ba. Ya ce da zarar an fara babu magana, ko tari mai ma'ana aka yi wa mutum za a soke aikinsa. Shugaba ya tsaya a bayan ɗaki a matsayin shaida.

Malama ta bi tambayoyin a hankali, tana jan maus da tausasawa kamar yadda aka koya mata. Yawancinsu ta san su, har tana iya ganin shafin littafinta da amsar take. Da ta danna ta talatin, ta goge tafin hannunta a gefen riga, ta sauke numfashi. Wuyar ta wuce. Abin da ya rage nata ne.

Aka raba takarda mai ɗauke da rubutun da za a kwafa. Allon ya nuna wani farin akwati, a ƙasansa akwai ƙananan rubutu masu launin toka. Ta gan su, ba ta karanta ba. Me za a gaya mata a kan bugu? Ta jingina takardar a jikin jakarta a hannun dama, ta karkata ta yadda take karkata ta tun tana 'yar shekara goma sha bakwai. Ta miƙe bayanta, ƙafafu a ƙasa, yatsu takwas a layin tsakiya. Aka ce a fara.

Ta ɗauke ido daga allon ta ɗora a kan takarda, ba ta sake ɗagowa ba.

Sautin yatsunta ya cika ɗakin, daidai wa daida, babu tuntuɓe, kamar yayyafi a kan kwano. Malamai biyu sun dakata suna saurare. Malam Fayil yana gefenta da yatsu biyu, hancinsa ya kusa taɓa allo, yana ambaton kowane harafi a ƙasan maƙoshi kafin ya same shi. Ita kuwa ba ta jin kowa. A ƙarshen kowane layi na takardar tana jin ƙararrawar a kunnenta, hannun hagu ya ɗaga, yatsan dama ya sauka. Ta kai ƙarshen rubutun a minti na shida, ta koma farko kamar yadda ake yi. Rabon da ta ji daɗin jikinta haka, har ta manta. Da aka ce a tsaya, ta ɗauke hannu biyu ta ɗora a cinya, sannan ta dubi allon. Farin akwatin ba ya nan. Wani rubutu ne a tsakiya yana cewa an karɓi amsa, an gode. Ta ɗauka yanzu ya fito.

Bayan kwana tara, wata Laraba, aka liƙa sakamako a allon sanarwa. Malam Fayil ya tare ta a baranda.

"Malama, zo mu sha shayi tukuna. Takarda ba gudu za ta yi ba."

Daga yadda ya ƙi haɗa ido da ita ta gane. Ta wuce shi, ta sa yatsa ta bi layinta. Tambayoyi, ashirin da shida cikin talatin. Bugu, kalma goma sha ɗaya a minti goma. A gefe na'ura ta raba ta fitar da gudu: kalma ɗaya a minti. A ƙasanta ga Malam Fayil da ashirin da uku, ya ci. Mutum huɗun nan su ma sun ci, kuma dukkansu gudunsu ɗaya ne, talatin da biyar.

Ta tsaya tana kallon goma sha ɗayan. Layin farko na takardar yana nan a kanta har yanzu. Ta ƙirga kalmominsa a zuci, sau biyu.

Ba ta jira an yi mata iso ba ta shiga ofis.

"Na'urarku ta yi kuskure, Shugaba. A duba."

Ya miƙe, amma bai ja mata kujera ba, ya manta. "Ba kuskure ba ne, Mama. A wannan akwatin, Enta shi ne miƙa amsa. An rubuta a ƙasa. Kina kai ƙarshen layin farko kika danna, shafin ya rufe."

"Sauran fa? Minti goma ina bugawa."

"Babu inda ya shiga."

Firij ɗin ya yi ƙugi ya tsaya. Ta dubi hannuwanta, sannan ta ɗago.

"Wa ya gaya maka a layin farko ne?"

Ya gyara wani biro a kan tebur, ya sake mayar da shi inda yake. "Na gani."

"Ka gani."

"A bayanki nake tsaye, Mama. An hana magana. Mutumin yana kallona."

"Mutuminka."

Ta daɗe tana kallonsa. Shekara biyu ta yi tana fama da idon yaron nan, bai taɓa iya riƙe shi ba. Ashe bakinsa yana iya riƙewa, har minti tara.

"A sake min," ta ce. "Ko yanzu, a kan wannan ta teburinka. Kai ka riƙe agogo."

"Ba a hannuna yake ba. Kai tsaye yake tafiya hedikwata. Sun ba da kwana uku na ƙorafi, daga ranar da suka tura wa kowa sakamako ta imel. Tun wancan makon ke nan. Ba ki duba ba?"

Ba ta duba ba. A wurinta imel yana can shagon bayan tasha, kuma tun da aka gama jarrabawa ba ta koma ba. Wayarta ta kira ce kawai. Ta san yadda ake buɗe shi, mataki bakwai ne, suna cikin littafinta. Babu dai wanda ya ce mata akwai abin da zai zo.

Ya jawo aljihun tebur ya fito da ambulan. A tsaye ta karanta. An ce daga gobe an sauke mata nauyin koyarwa. Za ta riƙa kula da siton tsofaffin kayan aiki, inda za a kwashe tafiretocin a kai, tunda za a gyara ɗakin a mayar da shi wani abu. An gode mata. Gefen hagu na wasiƙar ya fi na dama faɗi, kwanan wata ya hau kan adireshi, an kuma bar sa hannu shi kaɗai a shafi na biyu. A ajinta wannan wasiƙa ba za ta samu rabin maki ba. Hannunta ya kai jaka, wurin da jan bironta yake, sai ta fasa. Ta karɓi nasa baƙi, ta sa hannu a kofe.

Malam Fayil yana jiranta a waje, ya jingina da bango.

"Ni aka ba ajin, Malama. Wallahi ban nema ba. Ni da nake tsintar haruffa kamar kaza a kan tsaba, me zan koya musu?"

"Abin da ya sa ka ci. Ka ce su riƙa kallon allo."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya sosa ƙeya. "Littafin darussanki fa? In dai ba za ki yi amfani da shi ba."

Ta buɗe jaka ta miƙa masa. Bangonsa ya sha liƙi, gefen shafukan sun yi baƙi.

"Rular kuma?"

"Rular tawa ce."

Tana da darasi da ƙarfe biyu, ta shiga ta yi shi. Ba ta gaya wa ɗaliban komai ba. Ta raba takardun kwafi, ta duba agogo, ta ce a fara, ta shiga zagaye tsakanin teburan. A layi na uku wata yarinya mai sabon zuwa ta saci ido daga takarda, ta dubi abin da yake fitowa a inji. Malama ta tsaya a kanta. Ta ɗaga rula, ta buɗe baki, maganar da ta faɗa sau dubbai ta zo har bakin leɓe. Yarinyar ta ƙanƙame jiki tana jira. Malama ta sauke rular, ta wuce tebur na gaba. Da aka tashi ta bi tafiretocin ta lulluɓe su ɗaya bayan ɗaya, har da bakwai ɗin da ba sa aiki, ta kulle ɗakin, ta kai makulli ofis ta ajiye a teburin sakatariya.

Ta tarar da maigidan a kan benci a ƙofar ɗaki, ya kwance bayan rediyo yana hura cikinsa.

"Tamanin, yau sallamarki ba ta da ƙarfi."

Ta miƙa masa ambulan ɗin, ta zauna a ɗaya gefen bencin ta cire takalmi. Ya ɗauko tabarau, ya karanta a hankali yana motsa baki. Ta gaya masa yadda aka yi a taƙaice, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ya ninke wasiƙar ya ɗora rediyon a kanta.

"Kin tuna ranar da surukinmu ya ba ni motarsa in gwada? Wadda ba ta da kuloci? Muna isa kwana ƙafata ta hagu ta tafi nemansa, ta taka birki. Saura kaɗan mu fita ta gilashi ni da shi."

"Amma kai ba a sauke ka ba."

"Ni na riga na sauka." Ya cire tabarau. "In je in ga Shugaban naku? Yaron nan a gidan nan ya zo ya gaishe ki ranar da ya samu aiki."

"Ka ce masa me, Baban yara? Ni na danna. Babu wanda ya kama yatsana."

"Su nawa ne a garin nan suke ciyar da iyalinsu da abin da kika koya musu?"

"Ba a tambayi wannan ba a jarrabawar."

Ya ɗauki rediyon ya ci gaba da hurawa, ko da yake babu sauran ƙura a ciki. Ta shiga ɗaki ta canza kaya, ta rataye jakar a ƙusarta, ta ajiye rular a kan kabad. Da ta fito, tana riƙe da tsohuwar jarida da ɗan gwangwanin da take ajiye abin yanke farce. Ta koma bencin, ta juya wajen haske, ta shimfiɗa jaridar a cinya.

"Ai gobe babu dubawa," in ji shi.

"Yau Laraba," ta ce.

Ta fara da ƙaramin yatsan dama.